Wanda Ya Biya Tikitin Inna

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Ni ba mai magana ba ce, ko a gidan biki bayan ƙofa nake zama, kuma karatuna bai wuce firamare ba. Na sha ɗaukar biro ina ajiyewa, domin wanda zan yi magana a kansa ƙanin mahaifina ne, kuma a gidansa na girma. Amma har yau akwai masu cewa yayana ɓarawo ne a unguwarmu, ni kuwa ba zan iya bin su gida-gida ba. A kan bencin asibiti nake rubutun nan, ina jiran a gama yi wa Inna wankin ƙoda.

Sunana Zulfa. Mahaifiyata Mairo, muna kiranta Inna. Tun rasuwar mahaifinmu muke zaune a sashen baya na gidan Baffa Baƙo, a nan Hadejia. Yayana Munzali, ɗan farin Inna, yana Alƙahira. Karatu ya kai shi, ya zauna yana yi wa marasa lafiya 'yan ƙasarmu tafinta a asibitoci.

Bayan damina ciwon ƙoda ya kama Inna, kamar yadda yake kama mutane da yawa a garin nan. Ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Likita ya hana ta gishiri, ya ce sai an riƙa wanke mata ƙoda a kai a kai. Yaya ya ɗauki nauyin komai. Ta hannun Baffa yake turo kuɗin, domin shi ne babba, shi ke da asusun banki da babbar waya. Kuma Inna ba ta magana da Yaya.

Ba faɗa suka yi ba. Mu asalinmu Fulani ne. Shanun sun ƙare tun zamanin kakanni, amma kunyar tana nan. Tunda nake ban taɓa jin Inna ta ambaci sunan ɗan farinta ba. "Wancan" take cewa. Akwai wani mai sayar da kifi a bakin kasuwa da yake sunansu ɗaya, shi ma "mai sunan wancan" take kiransa. Idan Yaya ya bugo waya Baffa ya kawo mata, sai ta juya fuska ga bango ta ce a gaya masa ta gode, Allah ya yi albarka. Baffa ne bakinta, shi ne kunnenta.

Da Yaya ya ga jikin ba ya gaba, sai ya samo likita a can, ya sa aka yi wa Inna fasfo da biza, ya sayi tikitin jirgi daga Kano da katinsa na banki. Ya ce za a tura ta a keken marasa lafiya har cikin jirgi, shi kuma zai tarye ta a can. Kowa ya yi murna ban da Baffa. Ya ce tafiya wahala ce ga mai jinya, ya ce mutum ya bar gidansa ya je inda ba a jin yarensa ba gata ba ne. A cikin watannin nan ne sabon injin ban-ruwa ya bayyana a gonarsa ta shinkafa a Auyo, aka kuma sauya kwanon rufin sashensa. Na gani. A lokacin ne kuma ranakun wankin Inna suka fara tsallakewa: yau a ce injin asibiti ya lalace, gobe a ce layi ya yi yawa. Wannan ma na gani.

Ranar tafiya, bayan sallar asuba, na ɗaga katifar Inna zan shanya a rana, tunda za ta daɗe ba a kwanta a kai ba. Iya Binta, matar Baffa, ta leƙo ta ce in bar ta inda take, gaggawar me nake yi. Na mayar.

Motar wani direba mai suna Ari muka shiga. Baffa yana gaba, yana ta fara'a irin wadda ban saba gani ba, har ya saya mana gurasa a hanya. Da muka wuce Ringim ya waiwayo ya ce wa Inna mutanen filin jirgi tambaya ce da su kamar alƙalai, kuma mace mai mutunci ba ta sakin baki a gaban baƙi. Ta bar masa komai.

A ƙofar filin jirgi masu gadi suka ce 'yan rakiya ba sa shiga. Baffa kaɗai suka bari ya shiga, saboda shi ke tura keken. Inna ta riƙe hannuna ta ce in kula da sallah, in kula da 'yan kajinta. Na koma gindin mota na zauna. Na zaci Ari zai tafi tasha ya nemi fasinjan komawa, amma sai ya shimfiɗa tabarma ya kwanta. Da ƙyar na iya tambayarsa ko ba zai yi lodi ba. Ya ce ai Alhaji ya kama masa kujeru uku na komawa, sauran kuma kaya zai ɗauka a Sabon Gari.

Mu biyu ne za mu koma. Na ce a raina wataƙila akwai wanda Baffa zai ɗauka a cikin gari.

Rana ta take sosai sai ga su sun fito, Baffa yana turo keken, jakar Inna a kan cinyarta. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Tun kafin in tambaya Baffa ya ce, yadda Ari zai ji:

"Sun hana ta. Katin da yaron nan ya biya da shi ne ba su yarda da shi ba. Sun ce ya yi kama da na sata. Allah ya rufa asiri ba su kira 'yan sanda ba."

Muna shiga gida da magariba Iya Binta ta kawo tuwo. Miyar Inna daban a ɗan kwanonta, ba gishiri, kamar kullum. Na tsaya ina kallon kwanon. Wa yake dafa miya marar gishiri don matar da ya kamata a ce tana Masar? Na sake ce wa kaina wataƙila Baffa ya kira ta daga cikin filin jirgi. Na yi ta ba shi uzuri, ina tattarawa.

Sai bayan kwanaki, ina shafa mata man zafi a ƙafa, Inna ta ba ni labarin abin da ya faru a ciki. Ta ce wata mata ce a bayan kanta, ta duba na'ura ta ce tunda ba mai tafiyar ce ta biya da katinta ba, ƙa'idarsu sai an nuna hoton katin, da hoton fasfon mai katin, da takardar da ya sa hannu cewa da izininsa aka saya. Baffa ya lalube aljihunansa ya ce ba a turo masa komai ba. Matar ba ta yi fushi ba. Ta sunkuyo ta yi wa Inna Hausa.

"Mama, wa ya saya miki tikitin?"

"Wancan ne," in ji Inna.

"Wancan wa? Faɗa min sunansa kawai. In ya yi daidai da wanda nake gani a nan, sai mu kira shi mu daidaita."

Inna ta ce ta ɗaga kai ta dubi Baffa, don ya faɗa kamar yadda ya saba faɗa mata shekara da shekaru. Baffa yana kallon rufin ɗaki. Matar ta sake tambaya, mutanen layi suka fara tsaki. Daga nan Baffa ya yi wata doguwar magana da Turanci. Ta ce tana kallo fuskar matar ta rufe, ta turo fasfon ta kira na baya.

Na ce mata, "Inna, me ya sa shi bai faɗa ba?" Ta ce in yi shiru, babba ba ya rasa dalili.

Abin da ya zauna a ran Inna kalmar nan ce, sata. Da ranar wanki ta zo ta ce ba za ta je ba. Ta ce ba za a wanke mata jini da haƙƙin wani bawan Allah ba, gara ta gamu da Ubangijinta da ciwonta. Na roƙe ta, na yi kuka. Na je wurin Baffa na durƙusa na ce ya yi mata magana. Ya girgiza kai ya ce shi ba zai tilasta wa matar yayansa ba, tsoron Allah ne ya hana ta, kuma wa zai ga laifin mai tsoron Allah.

Kumburin ya haura daga ƙafa zuwa ciki, ya kai fuska, har idanunta suka zama 'yan ƙanana. Jikinta ya kama ƙaiƙayi, tana susa da kara har jini. Abin da ta ci duk sai ya dawo. Kwanciya ta gagare ta, domin numfashi yana sarƙewa, sai na jera mata matasai ta jingina da bango. Kajin da ta ce in kula da su suna shigowa har bakin katifa, ba ta da ƙarfin korarsu.

Masu dubiya suna zuwa. A zaure Baffa yake tare su, ina jin sa idan na kai ruwa. Ga wasu ya ce ita ta ƙi magani. Ga wasu ya ce yaran yanzu in sun fita waje ba ka san me suke yi a waya ba. Yana faɗa yana jan carbi. Matan da suke shigowa ɗakinmu sai su yi wa Inna sannu, su fita tsakar gida su rage murya. Wata ta ce a gabana dama ta yi mamakin irin kuɗin da tafinta zai samu.

Na nemi Baffa ya haɗa ni da Yaya. Ya ce layin Masar ba ya shiga. Wata rana ya ce yaron kunya ce ta hana shi kira, in bar shi ya ji da abin da ya yi. Da na ƙara tambaya Iya Binta ta ja ni gefe ta ce in iya bakina, Baffana ya yi ƙoƙari, wani ne da tuni ya nuna mana ƙofa. Ranar nan da yamma aka sauke buhunan taki a ƙofar gida, na noman rani.

Wata safiya na kai masa koko zaure. Na yi sallama bai ji ba, yana waya, ya ba ƙofa baya. Na ji ya ce:

"Alhamdu lillahi, jiya ma mun je wankin. Da sauƙi sosai. Sai dai sun ƙara kuɗin allura, ka san ƙasar."

Inna ta fi wata ba ta taka bakin zaure ba. Na ajiye kofin a hankali na juya. Uzurin da nake tara masa ya ƙare.

Maƙwabciyarmu Jannatu tana da babbar waya, mijinta kuma ajinsu ɗaya da Yaya a sakandare. Na jira Baffa ya hau babur ya tafi Auyo, na shiga gidanta. Na daɗe a zaune ina murza bakin hijabi kafin maganar ta fito. Ba ta tsaya tambaya ba, ta karɓo lambar wurin mijinta ta buga.

Muryar Yaya a sanyaye take. Ya tambayi jikin Inna kamar mai tambayar baƙuwa. Da na gaya masa ba ta zuwa wanki, sai ya buɗe baki ya gaya min komai. Ya ce tun kafin tafiyar ya turo wa Baffa hoton katin da na fasfonsa da takardar izini, Baffa ya ce ya buga su a shago suna aljihunsa. Ya ce har ya yi niyyar zuwa ofishin kamfanin jirgin a can ya nuna katin da kansa, don kada a tambayi Inna komai, Baffa ya ce kada ya ɓata ranar aikinsa. Bayan sun dawo kuma Baffa ya gaya masa an nuna takardu an karɓa, amma da aka tambayi Inna ko ta san mai wannan suna, sai ta ce ba ta san shi ba, kuma ita ba ta son Masar, a bar ta ta mutu a gidan mijinta.

"Na san ba ta kiran sunana, Zulfa," in ji shi. "Amma ta ce ba ta san ni ba?"

Na ɓoye wayar a cikin hijabi na koma gida. Iya Binta tana bakin murhu, ta bi ni da ido har na shige ɗaki. Na durƙusa na gaya wa Inna wanda ke kan waya. Ta yunƙura da ƙyar ta juya fuska ga bango. Ta ce in tambaye shi kuɗin wa ne.

Yaya yana ji. Ya ce guminsa ne, na tsayuwa tsakanin likita da marar lafiya daga safe har yamma, kuma katin da sunansa a jiki, ta sa a nuna wa duk wanda ta yarda da shi. Na maimaita mata, ko da yake ta ji. Na gaya mata abin da Baffa ya ce masa. Ina ganin bayanta yana hawa yana sauka. Sai Yaya ya daina bi ta kaina.

"Inna, da gaske kin ce ba ki san ni ba?"

Na ɗauka ba za ta amsa ba. Har na buɗe baki zan amsa a madadinta.

"Munzali," in ji Inna. Bangon take kallo. Sunan ya fito mata a karkace, kamar mai ɗaga tulun da ya fi ƙarfinta. "Munzali Usaini. A Guri na haife ka, shekarar da ruwa ya shigo mana ɗaki, aka ɗora ka a kan turmi. Wa zai san ka in ban san ka ba?"

Yaya yana kuka a can, ba ya ɓoyewa. Inna ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta, ta ce in kira mai adaidaita.

Da la'asar mijin Jannatu ya taimaka muka kai ta asibiti. Injin lafiyarsa ƙalau, ma'aikaciyar ma tambayarmu ta yi ina muka shige. Likita ya yi faɗa, ya ce da mun ƙara 'yan kwanaki da ba wannan maganar ake ba. Ya kwantar da ita, ya ce sai an wanke mata ƙoda sau da dama kafin ta iya hawa jirgi. Yaya ya ce zai sauya ranar tikitin, ya je ofishinsu da katinsa a hannu. Amma biza tana da wa'adi, kuma tana manne a cikin fasfo, fasfon kuwa yana wurin Baffa.

Da na dawo ɗaukar zannuwa na tarar da shi a tsakar gida. Iya Binta ta riga ta gaya masa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce don Inna ya yi, don kada ta cika a hannun Larabawa a binne ta inda ba mai kai mata ziyara. Ya ce shi bai ce katin sata ne ba, cewa ya yi ya yi kama. Ya ce shi ya hana ta faɗin sunan ɗanta? Bakinta a hannunsa yake? Kuɗin kuma, ya ce, tuwon da muke ci shekara da shekaru daga sama yake faɗowa? Injin ban-ruwa ai gidan duka zai ci amfaninsa. Na sunkuyar da kai na ce ya ba ni fasfon. Ya ce yana jin a motar Ari ya faɗi, zai sa a duba. Yana faɗa, tafin hannunsa yana dafe da aljihun gaban rigarsa.

Na yi ta tunanin matar nan ta bayan kanta. Ban ga laifinta ba. An sa ta ta tsare ƙofa saboda ɓarawon da zai zo daga nesa da katin wani, ta kuwa tsare. Ta tambayi kati, ta tambayi suna. Babu wanda ya koya mata ta tambayi mutumin da ke tura keken, mai farar riga da carbi, wanda yake amsawa a madadin tsohuwa. Mu ma a gida ba a koya mana ba. Baffa bai ɗaure Inna ba, bai kulle mata ƙofa ba. Ya san abu ɗaya da bakinta ba zai iya faɗa ba, ya kai ta daidai inda za a tambaye ta shi, ya ɗaga kai yana kallon rufi. Ya kuma san ni, ya san ban taɓa magana a gaban maza ba. Da wannan ya dogara, fiye da yadda ya dogara da aljihunsa.

Washegari da asuba na sa hijabina na fita. Bayan an idar da sallah dattawan unguwa sukan zauna a kan tabarmi a ƙofar masallaci har rana ta fito, Baffa kusa da liman. Ban taɓa bi ta gabansu ba, zagayawa nake ta lungu. Ranar na nufe su kai tsaye. Hirar ta tsaya. Na durƙusa a bakin tabarma na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, muryata can ƙasa har liman ya matso da kunne. Baffa ya ce in koma gida, yana zuwa.

Na ce, "Baffa, Inna ce ta aiko ni daga asibiti. Ta ce ka ba ni fasfonta, ɗanta Munzali yana jiran ta."

Ya yi murmushi ya dubi mutane, ya ce ai ya gaya min ya ɓata a mota.

Na miƙa hannu biyu, kamar yadda aka koya min karɓar abu daga babba.

"Yana aljihunka na gaba, Baffa."

Duk suka juya suna kallon aljihun. Ni kuma ban sauke hannuna ba.